Layi Huɗu, Ƴaƴa Shida

Takardar ta kwana uku cikin aljihun rigata kafin in iya fito da ita gaban maiɗakina. Fara ce, falle ɗaya, da tambarin kamfanin asirans a samanta, wato inshorar lafiya kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa. Akwai wurin sunana, akwai wurin sunan mata ɗaya, sai layi huɗu a ƙasa inda aka ce in rubuta sunayen yara. Ni kuwa ƴaƴa shida Allah ya ba ni, ban da maraya ɗan wana da ke kwana ɗaki ɗaya da su tun yana shekara 4. A watan Janairun 2024 aka yi wannan, kuma har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ni haifaffen Maraɗi ne, a Bagalam aka binne cibiyata, yanzu kuma ina haya a unguwar Zariya. Aikina kula da mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a wani kamfanin ƴan kasuwa: buhu ya shigo in rubuta, kwali ya fita in rubuta. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, ba kuma zan ambaci na masu asirans ɗin ba, don ba tonon asirin kowa ya kawo ni ba. Abin da ya same ni nake so in faɗa, saboda na san akwai magidanta da yawa a garin nan da ke haɗiye irinsa su yi shiru.

Tsoron kuɗin magani a wurin mahaifina na samo shi. Tela ne a babbar kasuwa, kuma yana da hawan jini. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ina ɗan shekara 15. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, har da magani. Cikin waɗannan shekarun ne kuma asibitocin gwamnati suka fara karɓar kuɗi kafin a duba mutum. Har yanzu ina ganin Baba zaune gaban kekensa, ya ɗora ƙwayar magani a kan katakon keken, ya sa reza ya raba ta biyu. Rabi ya haɗiye da ruwan buta, rabi ya ƙulle cikin ƙyallen atamfa ya ce na gobe ne. Daga rabi aka koma a sha yau a tsallake gobe. A 1996 ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago, ɓarin jikinsa ya shanye, bayan wata biyu ya rasu. Ajali ne, na sani, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Amma rezar nan ba ta bar idona ba, kuma tun lokacin na ƙudurta a raina cewa in Allah ya ba ni iyali, ba za a raba ƙwaya biyu a gidana ba.

Ɗiyata, ta uku cikin ƴaƴana, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa muke kiranta Ummi. Tana wata takwas hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta kwana tana tsala kuka, ko taɓa ta aka yi sai ta ƙara. Tsofaffi suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska ce. Mun sha yawo kafin wani likita ya sa a yi awon jini, ya zaunar da mu ya ce amosanin jini ne, sikila. Ya ce ni ina ɗauke da gadon ciwon, uwarta ma haka, mu biyu lafiyarmu ƙalau, amma duk cikin da ta ɗauka akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da shi. Kafin aurenmu ba wanda ya taɓa ce mana mu yi wannan awo, ko labarinsa ba mu taɓa ji ba. Kafin ta cika shekara 5 muna ɗan samun sauƙi, saboda tun 2006, zamanin Tanja Mamadu, aka ce a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Ba kullum ake samun maganin a can ba, sau da yawa ordonans, wato takardar sayen magani, ake miƙo maka ka nufi farmasi, amma da babu gara ba daɗi. Tana cika 5 kuwa, kyauta ta ƙare.

Cikin ikon Allah, a wannan shekarar ta 2016 kamfaninmu ya shiga asirans. Mutane da yawa suna zaton duk mai albashi ya tsira daga kuɗin asibiti. Ba haka ba ne. Abin da ake zubawa a CNSS, wato asusun ma'aikata na ƙasa, kowane wata na fansho ne, da kuɗin iyali, da haɗarin da ya sami mutum a bakin aiki. Zazzaɓin da ya kwantar da ɗanka a gida, aljihunka ne zai ji. To sai ga shi an ce za a riƙa cire mana jika 4 a wata, wato sefa 4,000, kamfani ya cika sauran, mu kuma in mun je asibiti ko farmasi mu biya kashi 20 cikin 100 kawai, asirans ta biya 80. Na dawo gida da kati bakwai a hannu, kowane da hoton mai shi, har na jaririyar da ke goye a lokacin. Maiɗakina ta jera su a kan tabarma tana dubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta naɗe su cikin leda ta sa a ƙasan kwallarta, inda take ajiye ƴan kunnenta na aure.

Hunturun shekarar ciwon Ummi ya tashi, ta kwana biyar a asibiti. Da aka haɗa lissafi ya kama jika 90. Aka karɓi katin, aka cika bon, wato takardar da ake kai wa masu asirans su biya, aka ce in kawo jika 18. Na tsaya gaban mai karɓar kuɗin na ce ta sake dubawa. Ta ce, "Malam, shi ke nan naka." Da na fito ban wuce masallacin bakin ƙofa ba sai da na yi nafila raka'a biyu.

Akwai abin da zan faɗa yanzu wanda ban taɓa faɗa a wurin aiki ba. A daminar 2019 zazzaɓin cizon sauro ya kama marayan nan, ɗan wana. Ya wuce shekara 5, ba shi cikin ƴan kyauta, ba shi kuma cikin katina, don asirans ɗan cikinka kawai ta sani. Tsakar dare ya fara jijjiga, idanu suka juye. Ranar 24 ga wata ce, abin da ke gidan bai kai jika 3 ba. Na ɗaga kwallar na zaro katin ɗana na huɗu, wanda tsakaninsu shekara ɗaya ce, hoton kuma tun yana ƙarami aka ɗauka. A kan babur na riƙa nanata wa maiɗakina sunan da za ta faɗa in an tambaye ta. Ma'aikacin da ya karɓi katin ya dubi hoton, ya dubi yaron, ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu. Yaron ya warke, yanzu yana aji shida. Ban ce daidai na yi ba. Ƙarya ce na yi, kuma na nemi gafarar Ubangiji a kanta ba sau ɗaya ba. Sai dai ɗan wana da ubansa ya damƙa mini shi a gadon mutuwa, ban san yadda zan bambanta shi da nawa ba a irin wannan dare.

Daga nan kuɗin ya fara hawa. Jika 4 ta koma 6, ta koma 9 a 2022. Albashi kuwa yana tafiyar hawainiya. A shekarar abokan aiki suka zaɓe ni delege, mai magana da yawunsu, sai ga ni zaune a taron sabunta yarjejeniya, ni da ban taɓa sanin yadda ake yanka farashin abin ba.

Wanda masu asirans suka aiko yaro ne mai ladabi, ya zo da kwamfutarsa ya haska mana lissafi a bango. Gefe ɗaya abin da suka karɓa daga gare mu cikin shekara, ɗaya gefen abin da suka biya asibitoci da farmasi a kanmu. Na biyun ya haura na farko. Ya ce abin da aka kashe bana shi ke yanka farashin baɗi. Ya ce gida 60 ba su da yawa, ƙaramar randa ce, in mutum biyu suka yi babban ciwo sai ta ƙafe. Kuma gaskiyarsa, don a shekarar an fara yi wa wani direbanmu wankin ƙoda, an kuma kai matar wani Yamai aka yi mata aiki. Ya kawo maganar wasu kilinik da in sun ga kati sai awo ya ƙaru, wanda ake bukata da wanda ba a bukata. Ya kawo ta magani, yadda ake rubuta mai tsada alhali ga jenerik, wato irinsa marar sunan babban kamfani, mai aiki iri ɗaya da bai kai rabin kuɗinsa ba. Mu ma mun san wannan, har ma wasunmu su ke cewa a rubuta masu "mai kyau" tunda ba su za su biya ba. Daga ƙarshe ya zo kan aron kati. Ya ce akwai yaron da takardu suka nuna ya yi zazzaɓi sau tara a shekara ɗaya. Aka yi dariya a ɗakin. Ni ban yi ba.

Mu ma muka faɗi namu. Muka ce suna jan ƙafa wajen biyan masu farmasi, har ana yi mana kallon masu cin bashi in mun miƙa bon. Muka ce a shekarun da muka zuba fiye da abin da muka ci, ba wanda ya zo da kwamfuta ya ce ga rara. Ya rubuta, ya ce zai isar. Kafin ya rufe, ya nuna jerin gidajen da suka fi cin kuɗi, ba suna, lamba ce kawai. Ta biyu daga sama lambar katina ce. Na san ta kamar yadda na san lambar wayata. Ina zaune a matsayin mai kare abokan aiki daga ƙarin kuɗi, ashe ciwon ɗiyata na cikin abin da ke jawo ƙarin. Ranar na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Ana cikin haka 2023 ta zo. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, bayan kwana huɗu CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Ba siyasa zan yi ba, abin da ya shigo gidana zan faɗa. Kowa ya san Maraɗi da iyaka take numfashi. Aka rufe iyakar Ɗan Isa, hanyar Jibiya da Katsina ta mutu, Najeriya ta yanke wuta, kayan da ke tashar jirgin ruwan Kwatano suka maƙale, har da magunguna. Mangazar da nake tsaro, wadda kamyo ke layi a ƙofarta, ta koma sai tsuntsaye. Kamfani ya makara wajen biyan masu asirans, su ma suka makara wajen biyan masu farmasi. Wata safiya na je karɓar maganin Ummi na wata, wanda take sha kullum, sai na tarar da takarda an rubuta da hannu an manna a gilashi: an dakatar da karɓar bon sai yadda hali ya yi. Mai farmasin ya san ni shekara bakwai. Ya ce, "Wallahi Malam, ni ma da kuɗi hannu nake sarowa yanzu, kuma bashina na wata biyar yana wurinsu." Ban ga laifinsa ba.

Farkon hunturu, cikin Nuwamba, ciwon ya zo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba. Wanda bai taɓa jinyar mai sikila ba, Allah ya sa kada ya gani. Yarinya mai shekara 12, mai kunya, da ko ƙaya ta taka ba ta son a ji, tana birgima a kan gado tana cewa, "Baba, ƙashina ake dakawa a turmi." Leɓɓanta suka yi fari, idanu suka yi rawaya. Aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata, mu kawo masu bayarwa. Na ba da nawa. Maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu, wanda muke gaisawa kawai a bakin masallaci, ya ji labari ya ajiye babur ɗinsa ya zo ya miƙa hannu. Da na fara yi masa godiya ya ce, "Haba Baba, ɗa ai na kowa ne." Dare biyu wuta tana ɗaukewa, uwarta na riƙe da fitilar waya tana haska ledar jinin, tana ƙirga ɗigon da ke sauka tana salati. Ma'aikatan jinyar sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka masu. Amma duk ordonans ɗin da aka miƙo, kuɗi hannu ne. Katin na cikin aljihuna, ba inda zan miƙa shi.

Kwana 11 muka yi. Abin da na kashe ya kai jika 230. Na karɓi abans, wato rancen albashi, muka sayar da awaki biyu na maiɗakina a ranar kasuwar Litinin a farashin da mai saye ya ga dama, don ya ga idona. Sauran kuma daga asusun mata ya fito. Maiɗakina tana cikin ƙungiyar adashi irin ta Mata Masu Dubara, tsarin nan da aka fara a jihar Maraɗi tun 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Da can ina yi wa abin kallon taron hira, mata 25 suna zuba dala ɗari ɗari, wato sefa 500, duk sati cikin akwatin ƙarfe. Ranar da maiɗakina ta aika masu, kafin la'asar shugabarsu ta zo asibiti da kanta, tsohuwa mai sayar da ƙuliƙuli, ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo jika 50. Ba ta nemi hoto ba, ba ta tambayi ko ɗiyar wa ce a takarda ba. Ta ce a biya in an samu sarari, ta shafa kan Ummi ta tafi.

Na tattara rasit na kai wa masu asirans. Bayan sati shida suka mayar mini da jika 40. Suka ce gidana ya cinye iyakar abin da aka ware masa na shekara, abin da suke kira plafon, wannan ne kawai ya rage.

Ban gama farfaɗowa ba takardar da na fara da labarinta ta iso. Abu uku ta zo da su lokaci guda. Cirewa ta tashi daga jika 9 zuwa 14. Kason da suke biya ya sauko daga 80 zuwa 70. Yara kuma huɗu kawai, wanda ke son ƙari ya biya jika 5 kowane kai a wata. Albashina jika 135 ne a lokacin, haya na cin 30, ga abans ana cirewa, ga bashin mata, ga buhun shinkafa da ya yi tashin gwauron zabi tun rufe iyaka. Na yi lissafi a bayan kwali har sau uku. Jika 10 ta ƙarin yara biyu ba ta da wurin zama.

Dare na uku, yara sun yi barci, maiɗakina ta ce, "Malam, mi kake ɓoye mini? Kwana uku ke nan ba ka cire rigar nan sai ka taɓa aljihu." Na miƙa mata. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta iya ƙirga layi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ummi dai ba magana." Na rubuta Ummi. Ta ce Auta shekararsa 3, yana cikin ƴan kyauta, a bar shi tukuna. Na ce to. Saura layi uku, yara huɗu. Mai shekara 7 tana yawan tari in sanyi ya shigo. Mai shekara 9 duk damina sai zazzaɓi ya kayar da shi. Yayar Ummi budurwa ce mai tasowa, uwarta ta ce ɗiya mace ba a barinta haka. Wanda ya rage shi ne ɗan fari, wanda a al'adarmu ko sunansa ba na kamawa. Shekararsa 17, yana koyon kanikanci a gareji, kullum yana ƙarƙashin mota. Muka yi shiru mu biyu. Ita ta fara cewa, "Shi ne mai ƙarfin cikinsu." Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi. Na rubuta sunaye huɗu, hannuna na rawa kamar na mai sa hannu a takardar saki.

Ban gaya masa ba, kuma wannan kuskurena ne. Ranar da sabbin katuna suka zo shi ya karɓo ambulan ɗin daga hannuna yana raba wa ƙannensa, yana tsokanarsu da hotunansu. Ya zazzage ambulan ɗin, ya leƙa ciki, ya sake zazzagewa. Sai ya gane. Ya ɗago ya ce, "Ba komai Baba, ni ai ƙato ne, ba na ciwo." Ya yi murmushi ya ɗauki silifas ɗinsa ya fita. Da ya yi fushi da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar na lura ko ciwon kai yake yi ba ya faɗa a gida, sai dai in ga takardar ƙwayoyin da ya saya wurin masu tallar magani a cikin aljihun kayan aikinsa. Na yi masa faɗa a kan maganin bakin hanya, ya ce to. Na san bai daina ba.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, amma hanyar Kwatano ba ta dawo yadda take ba. Kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina Faso, kuma kowane zagaye mai saye ne ke biyansa, har mai sayen magani. Daga 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi, haihuwa ta zama kyauta, aka kuma soke jika 150 da ake biya kafin a fara yi wa mutum wankin ƙoda. Wannan ya taimaka, ba zan ɓoye ba. Na ga matan unguwarmu da ke haihuwa a gida don tsoron kuɗi sun fara zuwa asibiti, kuma ranar da ƙarfe ya yanke ɗan farina a hannu, abin da na biya aka ɗinke shi bai kai yadda na zata ba. Sai dai a jinyar Ummi ba kuɗin ganin likita ne ke karya ni ba, ledar magani ce, ita kuwa ba ta san an yi ragi ba. Na ɗauka tunda asibiti ya sauko asirans ma za ta sauko. Da na tambaya aka ce yawancinmu kilinik muke zuwa, kuma magani ne ke cin kaso mafi girma.

Taron Janairun 2025 shi ne mafi zafi da na taɓa zama. Cirewar nan kai ɗaya ce ga kowa, daga mai jika 300 har gardin ƙofa da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi da komai ba, wato jika 42 tun farkon 2024. Ka cire 14 daga wannan ka ga abin da ya rage wa mai iyali. Samari da lebura suka ce a fitar da su. Wani yaro da ke aiki ƙarƙashina, wanda ni na koya masa riƙon littafin mangaza, ya miƙe ya ce, "Baba Delege, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Shekara uku ana cire mini, ko ƙwayar ciwon kai ban taɓa karɓa ba. Ina tara kuɗin aure. Ku masu marasa lafiya ku ke cin moriyar abin." Ɗakin ya yi tsit, don kowa ya san da wa yake. Na ce masa gaskiya ya faɗa, kuɗinsa na cikin abin da ya ƙara wa ɗiyata jini a shekarun baya, kuma ban taɓa yi masa godiya ba, to yau na gode. Na ce ni ma na yi shekaru ban san ƙofar asibiti ba, kuma matar da zai aura bai san abin da cikinta zai kawo ba. Na roƙe shi ko ya fita ko bai fita ba, su je a yi masu awon jini kafin a ɗaura. Ya sunkuyar da kai. Amma da aka zo ɗaga hannu, ya ɗaga tare da masu fita, kuma ban riƙe shi a zuciya ba.

Aka mayar da shiga ganin dama. Daga gida 60 muka koma 38, kuma waɗanda suka rage mu ne masu jinya da masu shekaru. Randar ta ƙara ƙanƙancewa, masu ɗiba kuwa suna nan. Cirewa ta koma jika 18, ƙarin yaro jika 7. Na kai wa maigidan kamfani shawarar a riƙa cirewa gwargwadon albashi, babba ya ɗauki babban kaso, don gardi da lebura su dawo. Ya saurare ni da kyau, ya ce shi ma kason da yake biya ya ninka, ciniki kuma bai dawo ba, amma zai duba. Ina jira.

Ni dai abin da na gani da idona, asirans ɗin gida 38 ba za ta taɓa yin sauƙi ba, ko wa ke riƙe da ita. Shekara da shekaru muna jin zancen asirans ta kowa da kowa a rediyo, wadda manomin Tibiri da mai tallar goro da ɗan kabu-kabun da ya ba ɗiyata jini za su shiga, kowa ya zuba daidai ƙarfinsa. Ina roƙon Allah ya nuna mini ranar, kuma in an tashi yi a tuna cewa gidan Bahaushe ba ya tsayawa kan mata ɗaya da yara huɗu. Akwai tsohuwa a ɗaki, akwai maraya, akwai ɗan riƙo.

Yanzu akwai gwangwanin madara a ƙasan kwallar nan, kusa da katunan. Duk ƙarshen wata ina jefa abin da ya samu, wani wata jika 3, wani wata jika 1, na waɗanda ba su da kati ne. Ummi ta shiga kwaleji, tana son lissafi, kuma bana sau ɗaya kawai aka kwantar da ita, alhamdu lillahi. Bashin mata mun gama biya tun kafin azumi.

Auta zai cika shekara 5 a watan Disamba, takardar kuma za ta dawo a Janairu. Shekaranjiya da dare maiɗakina ta ce ta yi tunani, in ta zo a cire sunanta a sa nasa, ita babba ce, za ta iya daurewa. Jiya na sami kontabul ɗinmu, mai riƙe da lissafin kamfani, a ofis na tambaye shi ko ana haka. Ya buga waya a gabana, ya ajiye, ya ce layin mata na mata ne, ba a ba yaro. Ban gaya mata ba tukuna.